Sawu Dubu 68, Roka Na Ta Faɗowa: Lissafin Farautar Wuraren Harbi Daga Sama

Ranar 30 ga Janairun 1991, a birnin Riyad, Janar Norman Schwarzkopf, babban kwamandan sojojin ƙawance a Yaƙin Tekun Fasha, ya tara 'yan jarida aka kunna musu faifan bidiyon da wani jirgin yaƙi ya ɗauko da dare. Hoton dishi-dishi ne, baƙi da fari. Ga wasu dogayen motoci jere a gefen hanya a yammacin Iraƙi, can sai wuta ta tashi, allon ya yi fari fat. Aka shaida wa duniya cewa motocin harba makamin Scud ne, kuma an gama da su. Masu nazarin hotuna a Washington da suka zauna suka duba faifan a tsanake, tankokin dakon mai suka gani.

Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda sunan Scud ya shiga bakin mutane a nan, har a teburin mai shayi, ana kasa kunne ga rediyo safe da yamma a ji ko an harba daren jiya, a ina kuma ya faɗa. Abin da rediyo bai kawo mana ba shi ne lissafin da aka yi bayan ƙura ta lafa. Yana cikin wani babban bincike da rundunar sojin saman Amurka ta sa aka yi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Eliot Cohen, aka fitar da shi a 1993. Iraƙi ta harba makamai 88 cikin kwana 43 na yaƙin, 42 kan Isra'ila, sauran kan Saudiyya da maƙwabtanta. Matuƙan jirage sun kawo rahoton lalata motocin harbawa kusan 80, sojojin ƙundumbala da aka sauke cikin hamada suka ce su ma sun yi sanadin wasu kusan 20. Ɗari ke nan. To amma ko a ƙiyasin leƙen asirin Amurka, duk motocin harbawa da Iraƙi ta mallaka ba su wuce 36 ba, kuma aƙalla 19 sun fito daga yaƙin lafiya lau. Da masu binciken suka bi rahotannin ɗaya bayan ɗaya, ba su sami wata ƙwaƙƙwarar hujja da ta nuna jirgin yaƙi ya lalata ko da mota ɗaya ta gaske ba.

Ban ɗauki matuƙan nan maƙaryata ba. Mutum yana tafe cikin dare da gudun ɗaruruwan kilomita a awa, yana leƙen ƙasa ta wani ɗan allo da bai fi tafin hannu biyu ba, ya hango doguwar mota, ya saki bom, ya ga wuta ta yi sama. Abin da ya gani ya faɗa. Damuwata tana ga yadda ake kwashe irin wannan rahoto a zuba a jadawali, a karanta wa jama'a, har ya zama tarihi. Shi ya sa mai karanta alƙaluman yaƙin sama ya kamata ya riƙa rarrabe su. Akwai alƙaluman wahala: sawu nawa jirage suka yi, tan nawa suka zubar. Sawu a nan tashin jirgi ɗaya ne zuwa da dawowa, kamar yadda direban tifa ke ƙirga sawun yashi. Akwai alƙaluman iƙirari, wato abin da aka ce an lalata. Sai kuma waɗanda mutanen da ke ƙarƙashin ruwan rokokin suka fi kowa sani: jiya guda nawa suka faɗo, yau guda nawa. Hukumomin soja sun fi son kawo na farko, domin gaskiya ne kuma kullum ƙaruwa suke yi. Na ƙarshen su ne ma'auni.

Gwaji mafi girma da aka taɓa yi na wannan aiki ya girmi na Iraƙi da kusan shekara 50. A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta ƙera makamai biyu don ruguza Landan daga nesa. V-1 ƙaramin jirgi ne marar matuƙi mai ɗauke da kilo 850 na abin fashewa, ana cilla shi daga wani dogon dandamali mai gangare. V-2 kuwa roka ce ta sosai, tsayinta mita 14, tana ɗauke da kusan tan ɗaya, tana cin kilomita 320 cikin minti biyar ko makamancin haka, kuma tana riga ƙararta isowa. Birtaniya da Amurka suka ƙaddamar da farmakin da suka kira Crossbow don murƙushe su. Daga Agustan 1943 zuwa Maris ɗin 1945, jiragensu sun yi sawu 68,913, sun zubar da tan 122,133 na bama-bamai. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka. A lissafa tirela kusan dubu huɗu, kowace maƙare da bom.

Peenemünde: wata biyu

An fara da tushe. Daren 17 ga Agustan 1943, jiragen Birtaniya 596 suka nufi Peenemünde, cibiyar binciken rokoki a gaɓar Tekun Baltik, cikin farin wata don su ga abin da suke jifa. Farin watan da ya haska musu ƙasa shi ya haska su ga jiragen Jamus: 40 ba su dawo ba, kusan kashi 7 cikin ɗari a dare ɗaya. An zubar da kusan tan 1,800. An kashe Dokta Walter Thiel, wanda shi ne ƙashin bayan aikin injin rokar. Sai dai fitilun nuna wuri da jiragen gaba suka fara saki sun faɗi kudu da inda aka nufa, kan sansanin Trassenheide inda ake tsare da ma'aikatan tilas da aka kwaso daga Polan da wasu ƙasashe. Cikin mutum sama da 700 da suka mutu a daren, mafi yawansu waɗannan bayin Allah ne, waɗanda ke kulle cikin shingen waya ba su da wurin gudu.

Me aka samu? Masu tarihi sun fi tsayawa kan jinkirin mako shida zuwa wata biyu. Jamus ta kwashe aikin ƙera rokar ta shigar da shi ramukan da ke ƙarƙashin wani dutse kusa da Nordhausen, inda bom ba ya kaiwa. Fursunoni kusan 60,000 suka ratsa sansanin Mittelbau-Dora da rassansa, kusan 20,000 suka mutu da yunwa da duka da cuta da rataya. V-2 ta kashe mutane wajen ƙera ta fiye da yadda ta kashe wajen harba ta. Alhakin wannan yana wuyan 'yan Nazi kacokan, amma darasin soja a fili yake: an bugi abin da ake gani, ya koma inda ba a gani.

Tan nawa kan dandamali ɗaya

A ƙarshen 1943 hotunan sama suka fara nuna wasu gine-gine iri ɗaya suna tsirowa a ƙauyukan arewacin Faransa. Wani Bafaranshe mai suna Michel Hollard, wanda ke leƙa wa Birtaniya asiri, ya shiga ɗaya daga cikinsu da kamfas, ya gano cewa dandamalin yana kallon Landan. Kowane wuri yana da ɗakunan ajiya dogaye masu lanƙwasa a baki ɗaya kamar kwagiri, abin da ya sa ba sa ɓuya daga sama. Aka ƙirga 96. Daga 5 ga Disamban 1943 aka fara yi musu ruwan wuta, kuma kafin tsakiyar Yunin 1944 an yi sawu kusan 25,000, an zubar da tan 36,000, an yi asarar jirage sama da 150.

A nan ne aka samo alƙaluman da na fi ganin amfaninsu cikin duk wannan labari, domin an zauna an raba tan da yawan wuraren da aka lalata, jirgi-jirgi. Babban jirgin Amurka mai inji huɗu, B-17, wanda ke jifa daga can ƙololuwa, yana buƙatar tan 165.4 kafin ya lalata wuri ɗaya. B-26 yana buƙatar tan 182. B-25 yana buƙatar tan 219, lodin tirela bakwai ke nan kan fili ɗaya. Sai ga Mosquito, ƙaramin jirgin Birtaniya mai inji biyu wanda da katako aka ƙera mafi yawan jikinsa, mutum biyu kacal a ciki: tan 39.8. Ya ninka B-17 iya aiki sau huɗu, ya ninka B-25 sau biyar da rabi.

Sirrin a tsayin da ake jifa yake. Dandamalin V-1 siriri ne, tsawonsa bai kai mita 50 ba, ɗakunan kuma ƙanana ne masu kaurin bango. Bom ɗin da ya faɗi taku talatin daga gini rami kawai yake haƙawa a gona. Mai jifa daga kilomita shida a sama yana watsa bama-bamai ne kamar mai yafa iri, yana fatan ɗaya ya dace. Mai saukowa dab da kan bishiyoyi yana ganin ƙofar ɗakin. Amurkawa sun tabbatar da haka da kansu: a farkon 1944 sun gina kwafin waɗannan wurare a sansanin Eglin da ke Fulorida, suka jefe su da jirage iri-iri, sakamako ya nuna jifan ƙasa-ƙasa da ƙananan jirage ya fi komai. Duk da haka manyan jirage aka ci gaba da turawa, domin su ake da su da yawa, kuma saukowa ƙasa shiga bakin bindiga ne. Wannan lissafi ya nuna abin da jimlar tan 122,133 ke ɓoyewa. Yawan tan na iya zama shaidar rashin saiti.

Zuwa watan Mayu an ragargaza mafi yawan wuraren nan 96, kuma a takarda an ci nasara. Amma kifi na ganinka, mai jar koma. Jamusawa sun lura da abin da ke tona musu asiri, suka canza salo. Suka bar 'yan gyare-gyare na ci gaba a tsofaffin wuraren don jirage su riƙa komawa can, suka koma gina wasu sababbi marasa kwagiri: ɗan daɓen kankare a gefen gonar tuffa ko bayan gidan manomi, ɗaki ɗaya ko biyu masu kama da rumbu, dandamalin ƙarfe kuma a kawo shi gunduwa-gunduwa a haɗa cikin 'yan kwanaki. Ranar 13 ga Yunin 1944, mako ɗaya cif bayan sojojin ƙawance sun sauka a Nomandi, V-1 na farko ya faɗa Landan. Daren 15 ga wata aka harba sama da 200. Daga sababbin wuraren suka fito.

Ko ke nan tan 36,000 ɗin nan ya tafi a banza? Ban yarda da haka ba, kuma a nan ya kamata a yi adalci. Binciken da Amurka ta yi bayan yaƙi ya ƙiyasta cewa jifan ya jinkirta fara harba V-1 da wata uku zuwa huɗu, ko da yake matsalolin ƙira na Jamus kanta suna da nasu kason. Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawancen, ya rubuta daga baya cewa da Jamus ta fara wata shida kafin lokacin, musamman kan tashoshin jiragen ruwa na kudancin Ingila, da tsallakawa Nomandi ta yi matuƙar wuya. Lokaci aka saya. Lokaci kuwa a yaƙi ba ƙaramar haja ba ce, sai dai a kira shi da sunansa, kada a rubuta shi a layin "an kawar da barazana".

Inda jirage suka yi aiki ba tantama shi ne kan manyan gine-ginen kankare. Hitler mai son gini ne, ya sa aka zuba dukiya a Watten da Wizernes da Siracourt da Mimoyecques, duk a arewacin Faransa. Na Wizernes yana da rufin ƙubba mai faɗin mita 71, kaurinsa mita 5, nauyinsa tan 55,000. An fara bugun Watten ranar 27 ga Agustan 1943 tun kankare bai gama bushewa ba. A 1944 aka kawo bom ɗin Tallboy mai nauyin tan biyar da 'yan kai, wanda Barnes Wallis ya ƙirƙira don ya nutse cikin ƙasa ya girgiza tushen gini. Ƙubbar Wizernes ba ta fashe ba, amma ƙasar da ke tallafe da ita ta zame, hanyoyin shiga suka toshe. Cikin waɗannan wurare huɗu, babu wanda ya harba ko da makami ɗaya. Abin da aka kafe da siminti ba ya gudu, kuma a nan alƙaluman iƙirari da na sakamako sun zo ɗaya.

Haka ma rumbuna. A farkon Yulin 1944 an bugi kogunan Saint-Leu-d'Esserent inda ake tara V-1, hari biyu da suka ci jiragen Birtaniya sama da 40. Harbin yau da kullum ya sauka daga kusan 100 zuwa ƙasa da 70 na 'yan kwanaki, sannan ya farfaɗo. A watannin Yuli da Agusta, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk bama-baman da manyan jiragen ƙawance suka zubar a kan makaman nan suka tafi, bisa matsin lambar 'yan siyasar Landan, manyan hafsoshin sama suna ƙorafin an janye su daga matatun man Jamus.

To me ya tsayar da V-1? An harba kusan 10,500 kan Ingila, 2,419 suka isa Landan, mutum 6,184 suka mutu. Masu tsaro sun kakkaɓo 3,957 a sama: jiragen farauta 1,847, bindigogin kakkaɓo jirage 1,878, sauran 232 suka sarƙe a wayoyin balan-balan. A tsakiyar Yuli aka kwashe bindigogin aka jera su a bakin teku, aka haɗa su da sabuwar rada da harsashi mai fashewa da kansa in ya kusanci abin hari. Ranar 28 ga Agusta, cikin 97 da suka tunkaro, aka harbo 90, huɗu kacal suka kai Landan. A farkon Satumba sojojin ƙasa suka mamaye yankin Pas-de-Calais suka taka dandamalan da ƙafa. Tsaron gida da takalmin soja su suka rufe wannan babi.

Ranar 7 ga Satumba minista Duncan Sandys ya shaida wa 'yan jarida cewa yaƙin Landan ya kusa zama tarihi. Washegari da yamma V-2 ta farko da ta sauka Ingila ta faɗa unguwar Chiswick a Landan. Ita wannan ba ta buƙatar dandamali. Ana jawo ta a kan tirela, a ɗaga ta tsaye kan wani ɗan teburin ƙarfe a kowane wuri mai tauri, ko titin unguwa ne ko hanyar cikin kurmi, a ɗura mata mai, a harba, a tattara a bar wurin. An harba sama da 3,000, kusan 1,600 kan Antwerp ta Beljiyam, kusan 1,400 kan Ingila. A Ingila ta kashe mutum 2,754. Guda ɗaya ta kashe mutum 567 a gidan sinima na Rex a Antwerp ranar 16 ga Disamban 1944. Ba bindigar da ke iya tare ta. Jiragen Spitfire na Birtaniya suka yi ta sintiri kan birnin Hague na Holan da kewayensa, inda ake harbo ta kan Ingila, suna yanke layin dogo, suna jifan kurmi. Yanke hanyar kawo kaya ya ɗan rage harbi, amma masu harbin kansu sun gagari jirage har ƙarshe.

Komawa hamada

Wanda ya san labarin V-2 ba zai yi mamakin 1991 ba, domin Scud jikar V-2 ce, daga gare ta injiniyoyin Tarayyar Sobiyet suka faro. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda aka maimaita kuskuren kwagiri kusan daidai wa daida. Masu tsara yaƙin sun zuba ido kan kafaffun wuraren harbi 28 da Iraƙi ta gina a yammacin ƙasar, suka buge su tun daren farko. Iraƙi ba ta harba ko ɗaya daga cikinsu ba. Tun watanni kafin yaƙi ta warwatsa motocinta.

A duba yadda hare-hare kusan 1,500 da aka kai kan harkar Scud suka rabu. Kusan rabi sun tafi kan kafaffun wurare da inda ake zaton maɓoya ce, irin kwalbatoci da ƙarƙashin gadoji. Kusan kashi 30 cikin ɗari kan masana'antu da rumbuna. Kashi 15 kacal, wato hari ɗari biyu da 'yan kai, aka kai kan abin da aka ɗauka motar harbawa ce. Ban da waɗannan akwai wasu sawu kusan 1,000 na sintirin Scud da suka ƙare da jifan wani abu dabam saboda ba su ga abin da suka fito nema ba.

Adadin da ya fi taɓa ni ƙarami ne. Sau 42 jiragen sintiri suka ga tashin makamin da idonsu, wutarsa ta haske hamada. Sau 8 kacal suka iya gano wani abu a ƙasa har suka saki bom. Ƙasa da ɗaya cikin biyar ke nan, kuma ko waɗannan takwas ba a tabbatar sun sami mota ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. A tsarin Sobiyet, shirya harbi yana cin awa ɗaya da rabi ko fiye, kuma a kan wannan aka gina lissafin farautar. 'Yan Iraƙi, waɗanda suka goge a yaƙinsu da Iran, sun rage shi zuwa rabin awa ko ƙasa, suka daina amfani da na'urorin da ke fitar da siginar da za a bi sawu, kuma da an harba cikin 'yan mintoci sun ɓace. Tauraron ɗan'adam yana hango wutar tashi, amma filin da yake nunawa ya yi faɗi ga matuƙin da ke neman mota ɗaya cikin duhu. Ga kuma motocin bogi, wasu ƙirar Jamus ta Gabas, waɗanda masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce ko a ƙasa ba a bambanta su da na gaske sai an matso kusan taku 25.

Duk da haka akwai abin da ya motsa a layin sakamako. A makon farko ana harba kusan biyar a rana. Bayan nan matsakaicin ya koma ƙasa da biyu. Mai harbi da ke jin kukan jirgi a kansa ba ya fitowa da rana, ba ya daɗewa wajen saiti, ba ya iya haɗa motoci da yawa su yi harbi tare. Tsoro ya yi aikin da bom bai yi ba. Sannan akwai ribar siyasa, wadda ita ce ainihin dalilin farautar: shugaban Iraƙi Saddam Husaini yana son Isra'ila ta rama don ƙawancen da ya haɗa da Saudiyya da Masar da Siriya ya watse, Amurka kuma ta nuna wa Isra'ila jiragen da ta keɓe da makaman Patriot da ta kai mata, Isra'ila ta haƙura. Wannan nasara ce ta gaske. Amma harbi ya sake ɗagawa a kwanakin ƙarshe, kuma ranar 25 ga Fabrairu, kwana uku kafin a tsagaita wuta, Scud ɗaya ya faɗa masaukin sojojin Amurka a Dahran ya kashe 28, asara mafi girma da Amurka ta yi a hari ɗaya cikin yaƙin baki ɗaya.

A 2006 an ga fuskokin nan biyu, wato makamin da aka san wurinsa da wanda ke yawo, cikin yaƙi ɗaya. A daren farko-farko na yaƙin Labanan, jiragen Isra'ila sun lalata da yawa daga manyan rokokin Hizbullah masu cin matsakaicin zango, domin an daɗe da sanin inda aka ajiye su. Ƙananan kuwa, waɗanda mutum biyu ko uku ke iya girkawa su bar wurin, sun ci gaba da tashi: kusan 4,000 cikin kwana 34, sama da 100 a rana, kuma a cikakkiyar ranar ƙarshe ta yaƙin an harba fiye da 200, bayan sawun jirage sama da 10,000. A Labanan mutum sama da 1,000 suka mutu, akasarinsu farar hula.

Waɗanda jadawali bai ƙirga ba

In ana buƙatar tan 165 kafin a sami wuri ɗaya, sauran tan ɗin da bai samu ba a wani wuri ya sauka. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma a ƙasan akwai mutane. Wannan layin ne ba a cika bugawa kusa da jimlar sawu ba. Tankokin da ke bin hanyar Bagadaza zuwa Amman a 1991 man da Jodan ke rayuwa da shi suke ɗauka, masu tuƙa su kuma direbobi ne masu neman abin kai wa iyali. Da dama sun mutu a hare-haren da aka kai kan wannan hanya, gwamnatin Jodan ta yi ƙorafi a hukumance, Amurka ta ce ta nan ake safarar kayan Scud.

Mafi muni ya faru a Holan. Jamusawa suna ɓoye V-2 a kurmin Haagse Bos da ke cikin birnin Hague, ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Da ƙananan jirage suka kasa, aka yanke shawarar tura masu ɗaukar kaya da yawa. Safiyar Asabar, 3 ga Maris 1945, jirage sama da 50 suka taso. An ba su lambobin taswira da kuskure a ciki, ga gajimare, ga iska da ba a ƙiyasta daidai ba. Bama-baman suka sauka kan Bezuidenhout, unguwar da ke jingine da kurmin, wadda ke cike maƙil da mutanen da Jamusawa suka tasa daga gidajensu na bakin teku. Lokacin kuwa ƙarshen hunturun yunwa ne, mutane sun rame, wasu har saiwar furanni suke dafawa su ci. 'Yan kwana-kwana ba su da isassun ma'aikata ko motoci, wuta ta yi ta ci har dare. Mutum sama da 500 suka mutu, gidaje sama da 3,000 suka rushe ko suka ƙone, dubban mutane suka fita da abin da ke jikinsu. Waɗannan mutane ne da suka shekara kusan biyar suna jiran jiragen nan su zo su 'yanta su. Daga baya jiragen Birtaniya suka dawo suka watsa takardun ban haƙuri a kan birnin.

Daga Hague aka ci gaba da harba V-2 har ranar 27 ga Maris, lokacin da ta ƙarshe ta faɗa Orpington a kudancin Landan ta kashe mace ɗaya. Bayan nan rundunar rokokin ta tattara kayanta ta ja da baya zuwa Jamus, domin sojojin ƙasa sun tsallake kogin Rhine suna gab da yanke mata hanya.